Jar Hanya da Sandar Surukina

Tun da na dawo daga Saudiyya 'yan majalisarmu suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya tambayi Makka, wancan ya tambayi Madina, sai kuma masu sa ido da suka hango tabon da ke gefen goshina suka ce lallai sai na faɗi inda na samo shi. Wani har ya yaɗa cewa wajen sumbatar Hajarul Aswadi aka buge ni. Da ma haka ne, da na karɓa hannu bibbiyu. Gaskiyar magana a Jidda na samo shi, a bakin teku, ina bin bayan surukina. Na gaji da maimaitawa, don haka ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Matata Ruƙayya haihuwar Jidda ce. Iyayenta Hausawan Sudan ne da suka daɗe a can, karatu ya kawo ta Kano wajen gwaggonta, Allah ya haɗa mu. Shekara shida da aurenmu ban taɓa sa mahaifinta a ido ba. A waya kawai muke gaisawa, ni ina durƙushe a tsakar ɗaki kamar yana ganina, ita kuma tana gefe tana min dariya. To ni ba laifina ba ne. A gidanmu an ɗauki kunyar suruki da zafi: ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kurɓar ruwa, ba ka shiga gabansa a hanya. Haka na ga mahaifina yana yi har ya bar duniya, kuma ina alfahari da hakan. Ku riƙe wannan maganar, za ta yi amfani a gaba.

Da hutun makaranta ya zo, Ruƙayya ga tsohon ciki, sai aka ce ni in je in gaida su, in haɗa da umara. Ta cika min jaka da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, ta raka ni har bakin mota tana cewa, "Duk abin da Baba ya ce ka yi, ka kira ni tukuna. Ba ka san shi ba." Na ce to.

A filin jirgin Jidda na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi babban yatsana har sau uku, allin koyarwa ya cinye zanen. Da ƙyar na wuce, sai ga mai duba kaya. Ina tsaye cikin harami, hannu ɗaya na riƙe da zani, ya zuge jakar Ruƙayya ya cusa kansa. Bawan Allah ya ja da baya kamar an mare shi. Yana Larabci ina Hausa, har wani mai shara da ke wucewa ya leƙo ya ce, "Malam, daddawa ce?" Na ce ita ce. Ya yi masa bayani kayan miya ne. Mutumin ya toshe hanci da gefen rawaninsa yana kaɗa min hannu, "Yalla, yalla." Ban taɓa ganin an sallami kaya da sauri haka ba.

Khalid, yayan matata, shi ya tarbe ni. Mutum ne mai kirki da saurin magana, Hausarsa rabi Larabci. Ya wuce da ni Makka na yi umarata, sannan muka dawo gidansu a Sharafiyya, hawa na uku, saman wani shagon sayar da katifu. Suka ba ni ɗaki mai na'urar sanyi da ta sa na nemi bargo da rana tsaka.

Nan na fara ganin bambanci. Su a gidan nan faranti ɗaya ake girkewa, uba da 'ya'ya da suruki kowa ya sa hannu. Da safe wake ne da aka dama da man zaitun, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa ce da nama ya nutse a ciki. Khalid ya ce, "Tafaddal ya Sabi'u, zo mu ci." Na ce na ƙoshi, alhali cikina yana kiran ciroma. Surukata Hajiya ce ta gane, don ita ma ta ga irin wannan a wajen iyayenta. Daga ranar take aiko min da nawa ɗaki, 'yan gidan kuma suka sa min suna Ustazu Na-ƙoshi.

Shi kuwa Baba dogo ne, siriri, da farin gemu da ƙananan idanu masu kallon mutum har ciki. Dako ya fara yi a kasuwar Balad yana saurayi, kafin ya buɗe shagon turare. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya tashi, amma ƙafar hagu ta ɗan riƙa jan ƙasa, sai da sanda. A kusurwar falo akwai keken tura marar lafiya, sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba. Wannan keken shi ne rigimar gidan.

Baba yana son yin umara ranar Alhamis, ta farko tun ciwonsa, kuma da ƙafarsa yake son yin ɗawafi da Safa da Marwa. Khalid ya ce bai san zancen ba.

"Halas ya Baba, magana ta ƙare, a keke za ka yi. Akwai zahma, mutane kamar ƙasa. In ka faɗi fa?"

"Ubana daga ƙasar Katsina ya tako har Sudan da ƙafarsa," in ji Baba. "Ni kuma a tura ni gaban Ɗakin Allah kamar buhun shinkafa? In keke ne, na fasa."

"To ka fasa."

Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa, na rasa inda zan sa idona. Daga baya Hajiya ta gaya min Khalid ne ya tsinci uban a ƙasa ranar da ciwon ya kama shi, tun daga nan ko matakala ba ya bari ya sauka shi kaɗai.

Ranar Talata da muka fito sallar asuba, Khalid ya wuce aiki da motar, sai Baba ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Sabi'u, yau za ka raka ni wani wuri." Ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Ɗan Filifin ɗin da ke yi masa gashin ƙafa ne ya rubuta masa: akwai wani gandun shaƙatawa a bakin teku, can arewacin gari, da hanyoyin tafiyar ƙasa, kuma bas yana kaiwa har kusa da ƙofarsa. "'Ya'yana ba za su kai ni ba. In na yi tafiyar nan, kai ne shaida. Kai malami ne, Khalid zai yarda da kai."

Na tuna gargaɗin Ruƙayya. Na kuma tuna cewa ban san yadda ake ce wa suruki a'a ba. Na ce, "To, Baba."

Saboda za a fita da suruki, na je na sako shaddata ta Sallah da hula da takalmin fata sau-ciki. Shi kuwa ya fito da farar jallabiya mara nauyi, ya zaro takalmin kambas daga leda ya ɗaure a gindin matakala. Ya miƙo min jaka mai gorunan ruwa huɗu da dabino. Karin kumallo ban yi ba, don ban samu inda zan ɓuya in ci ba.

Bas na farko daga Sharafiyya zuwa Balad ya ba ni mamaki. Ba kwandasta, ba "a matsa a gyara", ba mai ɗora maka buhun albasa a cinya. Kati ake karawa a jikin wata na'ura ta yi ƙara, shi ke nan. Abin da ya fi ɗaure min kai, motar ta tashi da kujeru fiye da rabi ba kowa. Na ce a raina, direban Kano ya ga wannan sai hawan jininsa ya tashi. A Balad muka sauka tsakanin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, Baba ya nuna min lungun da ya yi dako da bakin sandarsa. Muka hau bas na biyu mai yin arewa.

A ciki muka tarar da wata mata 'yar Damagaram da ƙullin kayan saƙa, za ta kai wa masu saye. Da ta ji Hausa ta juyo aka gaisa, aka tambayi gida da mutanen gida. Ta ce, "Alhaji, ina zuwa da sassafe haka?"

Baba ya ce, "Tafiyar ƙasa za mu yi."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Mu zagaya mu dawo."

Ta dube shi, ta dube ni da shaddata, ta ce, "Wato kun shiga mota don ku je ku yi tafiya a ƙasa? Allah ya ba da lafiya." Har ta sauka tana waiwayenmu. Ban ga laifinta ba. A garinmu in aka ga dattijo yana zagaye ba inda za shi, 'ya'yansa ake aika wa.

Mu ne na ƙarshe a motar lokacin da ta kai ƙarshen layi. Direban, wani ɗan Pakistan, ya nuna mana ƙofar gandun da hannu. A bakin ƙofar akwai allo da taswira, hanyoyi uku kowace da launinta: kore gajera, shuɗiya matsakaiciya, ja mai zagaye gandun gaba ɗaya har ta haura wani tudu. An kafa turaku masu fenti a kan hanya don kada mutum ya ɓata. Mai gadin ya kalli sandar Baba ya nuna masa koren. Baba ya yi masa godiya da kyau, ya juya ya bi ja.

Na yi gyaran murya. "Baba, kamar kore ya ce."

"Na ji shi."

Ya yi gaba, na bi bayansa da taku uku, yadda aka koya min.

Farkon hanyar gada ce ta katako a cikin wasu itatuwa da ke tsirowa a ruwan gishiri, ƙaguwoyi na ta gudu a ƙarƙashi. Mutane suna wuce mu: Larabawa da gajeren wando, mata da abaya da kambas suna sauri kamar an biyo su, wasu Turawa biyu kowanne da sanda bibbiyu alhali lafiyarsu ƙalau. Kowa ya zo sai ya yi wa Baba sallama, wasu su ce masha Allah. Yana tafiya sannu, sanda, ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagu. Ban ji ya yi nishi ba ko sau ɗaya. Wallahi tun a nan na fara jin wani abu a ƙirjina, na ce wannan mutumin kakan 'ya'yana ne.

Duk inda aka yi rumfar hutu sai ya zauna, ya karɓi gora ya sha, ya jefa dabino a baki, ya miƙo min.

"Sha moya."

"Na ƙoshi, Baba."

Niyyata in ya yi gaba in kurɓa a ɓoye. To amma mutumin nan kamar yana da ido a ƙeya, ina taɓa zip ɗin jaka sai ya waiwayo ya nuna min wani tsuntsu. Kuma zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana busar da gumi, nasu kuwa sai ka ji kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Kafin mu bar itatuwan shaddata ta manne a bayana, takalmin ya fara cin dunduniyata. Ga ruwa shimfiɗe har iya ganina a hagu, ga ruwa a jaka a kafaɗata, ni kuma harshena ya zama kamar soso.

A rumfa ta uku ya dube ni da kyau. "Sabi'u, azumi kake?"

"A'a, Baba."

"To sha."

"Na ƙoshi."

Ya girgiza kai ya miƙe.

Daga nan hanyar ta bar inuwa ta fara haura tudun, dutse ne fari mai kaifi irin wanda aka gina tsofaffin gidajen Balad da shi. Rana ta take. Ina kallon dunduniyar kambas ɗin Baba, ina cewa in ya zame ta ina zan tare shi. Sai na ga turakun ja sun zama bibbiyu. Kunnena ya ɗauki ƙara. Na tuna na ce a raina bari in ɗan dafa dutsen nan. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Da na buɗe ido ina kwance, hulata a gefe, ruwa yana bin fuskata, goshina yana zugi. Baba ne durƙushe a kaina da ƙafar nan tasa mai ciwo, yana danna min hankicinsa a goshi.

"Kai majnuni ne? Mahaukaci? Ka zo ka mutu min a nan in ce wa Ruƙayya me?"

Ya tallafo ni na zauna, ya buɗe gora ya sa min a hannu. Ku ji ikon Allah, ina riƙe da gorar, yana kallona, na kasa kai ta baki. Ya zuba min ido na ɗan lokaci. Ina jiran faɗa, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya juya ya fuskanci teku.

"Ni jirage nake kallo," in ji shi. "Ba na ganin kowa."

Na kafa kai, ban sauke gorar ba sai da ta ƙare. Na buɗe ta biyu. Na ci dabino ya fi goma. Shi kuma yana tsaye yana magana da teku. "Ta can muka ɓullo, a jirgin ruwa, ina ɗan shekara goma sha. Ubana ma haka yake da surukinsa. Sun yi wata da watanni a hanya, bai taɓa yarda tsohon ya ga bakinsa yana motsi ba. Na ɗauka irinku sun ƙare." Sannan ya ce, "Ka gama, ko in ƙara kallon jirage?"

Na ce na gama. Kunya da daɗi suka haɗu suka cika min ido da hawaye.

Da na miƙe ƙafafuna suka ƙi tsayawa daidai. Baba ya cire jakar daga kafaɗata ya rataya a tasa, ya miƙo min sandarsa. Na ce haba Baba. Ya ce, "Riƙe. Yau kai ne marar lafiyar." Haka muka gangaro tudun muka ƙarasa ragowar jar hanyar, tsoho mai shanyayyar ƙafa a gaba ba sanda, malamin makaranta da shaddar Sallah a baya yana dogarawa. Mai gadin da ya hango mu ta ɓangaren ja ya fito daga ɗakinsa ya sumbaci kan Baba, ni kuma ya manna min filasta.

A bas ɗin dawowa Baba ya ce, "Ba sai ka ce ka faɗi ba. Ka ce ƙofar mota ce ta buge ka. Abin da nake so kawai ka ce na yi tafiyar." Na ji daɗin wannan sutura, na kuma yi niyyar karɓa.

Bayan la'asar muka shiga gida, muka tarar Khalid ya dawo yana safa da marwa a falo, waya a hannu. Ya yi faɗa da Larabci har ya gaji, sannan ya koma Hausa. Baba ya zauna ya kwance kambas ɗinsa a natse ya ce, "Jar hanya na yi, tun daga farko har ƙarshe. Ga shaida."

Khalid ya dube ni. "Ya Sabi'u, ka yi haƙuri, shaidarka ba ta da amfani. Kai da ba ka iya ce masa a'a? In ya ce ka ce ya tashi sama, za ka ce ka gani. Na san abin da aka yi. Kun zauna a inuwa, ko kuma ka riƙe shi duk hanya. Alhamis keke, halas."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Duk tafiyar nan, duk ranar nan, za ta tashi a banza saboda an san ni da kunya. Na duba na ga abu ɗaya ne Khalid zai yarda da shi, maganar da ba wanda zai ƙirƙira don ya kare kansa.

Na cire hula, na ɓare filastar. Na ce, "Yaya Khalid, ka ga wannan? Ba ƙofar mota ba ce. Sumewa na yi." Na zayyana musu komai a gaban Hajiya da ƙannen matata: ƙin shan ruwan, faɗuwar, jiragen da aka kalla, sandar da aka ba ni aro. Na nuna musu gwiwar wandon da ta yage. Na ce, "Ni aka riƙe, ba ni na riƙe ba."

Hajiya ce ta fara fashewa da dariya har da riƙe ciki, sauran suka ɗauka. An kira Ruƙayya a waya aka maimaita mata, ta ce, "Ba na ce ka kira ni ba?" Khalid kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ubansa. Can ya ce, "Ba sanda?"

Na ce, "Ba sanda, kuma da jaka."

Ya tashi ya je kusurwar falo, ya tura keken cikin ɗakin ajiya ya ja ƙofa. Da ya juyo idonsa ya yi ja. "Amma ina gefenka," in ji shi. Baba ya ce, "Wa ya hana ka?"

Ranar Alhamis Baba ya yi ɗawafi da ƙafarsa, ya yi Safa da Marwa da ƙafarsa, Khalid a damarsa, ni a baya da taku uku. Mun daɗe, mun zauna sau da yawa, masu keke suna wuce mu. Da ya taka Marwa a ƙarshen zagaye na bakwai ya ɗaga hannu, gemunsa yana rawa, ni dai ban taɓa jin girman kaina irin na wannan lokacin ba, ko ranar da na karɓi takardar shaidar malanta.

Daga nan muka je wajen zamzam. Ya cika kofi ya sha, ya sake cikawa ya miƙo min. Na karɓa na tsaya, ina jira ya juya ya nemi abin kallo. Bai juya ba.

"Nan ba jirage," in ji shi. "Sha, ɗana."

Na sha yana kallona, na miƙa masa kofin ya ƙara min.